Wata Shida Sarkin Lodi Yana Tara Ƙarfi a Bencina

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Iliyasu Gingimari, ita ma katangar ba ta kai kafaɗata ba. Don haka duk abin da zan faɗa a kansa, ko dai na gani da idona, ko na ji shi lokacin da nake gyaran igiyar shanya. Igiyar nan kuwa shekara talatin ke nan ina gyaranta, har yau ba ta gyaru ba.

Ni ne Uba mai shayi. Teburina yana bakin filin lodi na garinmu, a kan hanyar da ta tashi daga Kura ta nufi Bunkure, inda manyan motoci suke tsayawa a cika su da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Aji huɗu na yi a firamare na gudu, amma ban baro idona da kunnena a can ba.

Iliyasu ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Yaya nake ce masa idan ina neman wani abu, Sarki idan da mutane a wurin, Gingimari kuwa sai na tabbatar akwai tazarar gudu a tsakaninmu.

An haife shi tun ruwa bai zo ba. A lokacin, in ji shi, garin nan gero ne da dawa da gyaɗa, rani ya yi kowa ya kama hanyar ci-rani. Yana ɗan saurayi aka zo da katafila aka yanka kanal, ruwan Tiga ya biyo ta bayan gari, mutane suka koyi alkama da tumatir da albasa, daga baya shinkafa ta zo ta cinye komai. Su bakwai ne maza a wurin mahaifinsu, gonar kuwa guda ɗaya. Da aka raba, abin da ya samu bai fi ya shanya tabarma uku ba. Allah bai ba shi ƙasa ba, sai ya ba shi wuya da cinyoyi.

Da kwandon tumatir ya fara, ya koma buhu. Ranar da injin ban-ruwan wani mutumin Madobi ya zame ya faɗa babban kanal, mutum huɗu suna ta shawarar neman igiya, shi kuwa ya tuɓe riga ya shiga ya fito da shi a kafaɗa yana zubar da ruwa. Wannan ina tsaye aka yi. Labarin jakin da ya ƙi hawa gada har Iliyasu ya saɓa shi ya tsallakar da shi kuwa, ni na ƙirƙira a bakin tebur. Yanzu akwai dattawa uku da suke rantsuwa suna wurin.

To, 'yan lodin garinmu suna da al'adarsu. Suna da sarki, shi yake raba aiki, shi yake raba faɗa, shi direbobi suke nema idan sun iso. Alamar sarautar wani tsohon jan gammo ne, ya sha faci har ba a san asalin ƙyallensa ba. Duk shekara idan kaka ta yi, motar farko ta tsaya, sai a jingina dogon katako daga ƙasa zuwa bayan motar, a ɗora wa sarki buhun farko. Buhun buɗi ake ce masa. Daga an ɗora ba mai sake sa hannu. In ya kai shi sama, sarauta tana nan har baɗi. In buhun ya taɓa ƙasa, a nan gaban jama'a za a cire gammon a miƙa wa mataimakinsa, kuma sunan ma ya tafi ke nan. Sarkin da Iliyasu ya gada, a kan katakon ya durƙusa. Har ya rasu bai ƙara bin hanyar filin ba, ta bayan gonaki yake zagayawa zuwa masallacin Juma'a.

Shekara goma sha tara gammon yana hannun Iliyasu. Kakar bara, yana da sittin da huɗu, ya kai tsakiyar katako sai ƙafarsa ta hagu ta fara karkarwa. Ya tsaya. Filin ya yi tsit, har tafasar tukunyata ana ji. Can ya ja ƙafar ya ƙarasa. Kowa ya yi kamar bai gani ba, ban da ni.

Na ce, “Sarki, wannan rawar da ka taka a tsakiya, wane makaɗi ne ya koya maka?”

Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya shiga.

Washegari ya zo ya zauna a bencina, ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya kurɓa, sannan ya ce, “Uba, ka taɓa ganin dam ya cika alhali ƙofofinsa suna buɗe?”

Na ce ban taɓa ba.

Ya ce, “To shekara arba'in da biyar ƙofata a buɗe take, dare da rana ƙarfi yana fita. Dole ya yi ƙasa. Daga yau na rufe. Ba zan ƙara ɗaga ko tsinke ba sai kaka. Ranar buɗi in saki, ku ga ambaliya.”

Wallahi duk wanda yake benci a ranar sai da ya jinjina kai. Mu mutanen kanal ne. Mun san idan aka rufe ruwa a sama, taruwa yake yi. Ni na fi kowa yabon maganar, na ce ko a Kano ba a samun irin wannan ilimi. Gaskiya kuma ina da dalilina. Mutum irin Sarki ya wuni a bencinka, ai kowa nan zai zo.

Haka aka rufe dam. Aiki ya koma rabawa da baki daga zaune, mataimakinsa Mudassiru yana kai-kawo. Masallacin da yake takawa ya koma hawa Keke. Buta ma rabi ake zuba masa, wai kada ƙarfi ya yoyo. Shayi da burodi da safe, tuwo da rana, tuwo da yamma. Wata uku sai ga ciki ya fito, hannun riga kuwa ya fara yi masa yawa.

Na ce, “Yaya, dam yana cika fa. Sai dai na lura a gaba kawai ruwan yake taruwa.”

Ya ce in jira kaka.

Ba mu kai kaka ba. Farkon damina, wata shida cif da rufewa, mai Keke ya kawo buhun taki ƙofar gidansa ya sauke ya wuce. Buhun taki fa, wanda da yake ɗaukar biyu, ɗaya a kowace hammata, yana tafe yana gaisawa da mutane. Hadari ya haɗo, ba kowa a layin sai ni. Ya dube ni ya ce, “Bari in ɗan buɗe ƙofa ɗaya ka gani.”

Ya sunkuya ya kama kunnuwan buhun. Ya ja. Buhun ya taso ya kai ƙwauri, ya yi shawara, ya koma. Ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, buhun bai ko kula shi ba.

Sai ga Zuliha, matarsa, ta leƙo. Ita sana'arta turara shinkafa, shekara talatin da wani abu tana ɗaga bahon jiƙaƙƙiyar shanshera daga ƙasa zuwa bakin tukunya, ta sauke, ta kwashe, ta baza a shimfiɗa. Ta dubi sama, ta dubi buhun, ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Ta tayar da shi tsaye, ta rungume shi, ta ɗora a kwankwaso, ta shige da shi soro tana cewa, “Malam, matsa mini hanya, ruwa zai sauko.”

Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskarsa, na rufe. Ku rubuta wannan, domin bai taɓa faruwa ba.

Saura wata biyar kaka. Sarki ya rikice. Wani direba ya ba shi labarin wata allura da samari masu ɗaga ƙarfe suke yi a birni, wai tana mayar wa namiji da sinadarin da ke sa tsoka ta kumbura. Ya ƙudura sai ya same ta. Da Babbar Sallah ta zo, Khaulat ta zo gida, 'yar ƙanensa ce, tana aiki a wani asibiti a Kano, ɓangaren da ake koya wa waɗanda suka karye ko suka shanye tafiya. Bayan an gama suyar nama ya ja ta gefe a tsakar gida. Ni kuma igiyata ta sake lalacewa.

Ta saurare shi har ya gama bayanin dam. Ba ta yi dariya ba, na yaba mata. Ta jawo kujerar roba ta ce, “Baffa, zauna. Rungume hannunka a ƙirji. Ka tashi ka zauna, ka tashi ka zauna, ba dafawa, har in ce ya isa.”

Ta duba agogon wayarta, rabin minti. Sarkin lodi ya yi bakwai, na bakwan ma da ƙyar, yana huci.

Ta ce, “Inna Zuliha, zo ki gwada.”

Zuliha ta ajiye matankaɗi ta zauna. Goma sha biyar ta yi, tana yi tana tambaya ko an rufe naman saboda ƙuda.

Daga kan katanga na ce, “A kawo gammo.”

Iliyasu ya ce, “Kai, wa ya sa da kai?”

Khaulat ta ce, “Bar shi ya ji, Baffa, shi ma layin yana zuwa kansa.” Sannan ta gyara zama. “Direban nan bai yi ƙarya duka ba. Akwai sinadarin, homon ake ce wa irinsu. Maza da nasu, mata da nasu. Ɗan aike ne. Jiki yana sakinsa a jini, ya je ya ƙwanƙwasa wa tsoka ya ce a gyara, a ƙara gini. Kana saurayi ɗan aiken nan ba ya zama. Daga wajen shekara arba'in sai ya fara rage zuwa, kaɗan-kaɗan duk shekara, yadda ba za ka lura ba. Ita ma tsokar kunnenta yana yin nauyi, ko ya ƙwanƙwasa ba ta amsawa da sauri kamar da. Shi ne abin da ka ji a kan katako.”

Ya ce, “To ai shi ya sa na ce a tara.”

“Ba ya taruwa, Baffa. Tsoka ba dam ba ce. Ƙaramin kanal ce, irin wanda yake shiga gona. Idan aka bar shi wata shida ba ruwa ba yasa, me ake tararwa?”

Ni na riga shi amsawa, na ce ciyawa da taɓo.

Ta ce, “To 'yan aike biyu ne suke sa tsoka ta ginu. Ɗaya sinadarin, ɗaya nauyin da kake ɗora mata. Na farko shekaru sun rage shi, ba laifinka. Na biyun kai ka kore shi da hannunka.”

Ya nuna Zuliha da haɓa. “Ita fa? Ita ba ta tsufa?”

Khaulat ta ɗan sunkuyar da kai. “Ai na mata ma ya fi saurin tafiya. Naku a hankali yake janyewa, namu kusan lokaci ɗaya yake sauka.”

Zuliha ta ɗauki matankaɗinta ta ce, “Faɗa masa kai tsaye, 'yar nan, ai ba yaro ba ne. Malam, shekarar da na daina fashin salla, ka tuna ina cewa zafi nake ji kamar an hura mini wuta a ƙirji, kana cewa tukunya ce? A shekarar bahon nan ya zame mini kamar an zuba duwatsu. Murfin jarka ma sai in kasa murɗewa. Na yi kuka a bayan murhu ba sau ɗaya ba.”

Ya ce, “Ba ki taɓa faɗa mini ba.”

“In faɗa maka ka ce in rufe dam? Shinkafar mutane tana jiƙe, in ta kwana biyu ta yi tsami. Na rage baho na koma rabi, ina ɗagawa sau biyu. A hankali na dawo da shi. Bai koma kamar na da ba, amma yana tashi.”

Khaulat ta ce to maganin ke nan, Inna ta riga likitoci. Allura kuwa ta ce ba a yi wa mutum sai an auna jininsa an ga sinadarin ya faɗi ƙasa sosai, don tana iya sa jini ya yi kauri, ga mai hawan jini kuma ba abin wasa ba ce. Bayan Sallah ta tafi da shi Kano da sassafe aka ɗebi jinin. Sakamako ya nuna ya ragu, amma irin raguwar sa'o'insa, ba ta allura ba. Abin da aka gano sabo shi ne hawan jini, aka ɗora shi a kan ƙwaya.

Ranar da ta dawo da shi, a bencina suka zauna. Ta ce, “Baffa, in don ta ni ce, ka miƙa gammon nan kawai. Buhu cikakke a kan katako, a shekarunka, ba na so.”

Ya ajiye kofi. Sannan ya ce, “Zan miƙa, Khaulatu. Amma ba daga ƙasa ba.”

Ta dube shi, ta ga ba zai motsa ba, sai ta kafa sharuɗɗa. Kwana uku a mako, ba kullum ba. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa kaɗan. Kada ya riƙe numfashi in yana ɗagawa. In ya ji jiri ko ƙirji, a tsaya, a kira ta, kuma maganar buɗi ta mutu. Duk wata zai je a auna jini. Abinci kuma tuwo kaɗai ba ya gina tsoka, sai da wake, ƙwai, kifi, nono. Ta damƙa amanar a hannun Zuliha.

Jama'a, daminar nan mun sha kallo. Sarkin lodi guda, da hantsi, yana tashi yana zama a kujerar roba, matarsa tana ƙirgawa tana juya shinkafa. Daga nan aka koma jarkar ruwa biyu, ya hau gangaren kanal ya sauko. Masu dashe suna miƙewa daga cikin taɓo suna yi masa sannu da aiki. Wata rana na bi shi da kofin shayi ina cewa, “Gingimari, in tura ne? Ko batir ne ya yi sanyi?” Ya ajiye jarkunan ya biyo ni, kuma abin da ya ba ni tsoro, ya kusa kama ni.

Ƙwai uku nake soya masa kullum. Matan rugar da ke tsallaken kanal suka gane gidan, ƙwaryar nono ba ta wuce ƙofar. Ɗanwake, alala, dafa-dukan wake, har sai da na roƙi Zuliha ta tausaya wa makwabta, katangar gajeriya ce.

Wata na biyu ya yi goma sha biyu a kujera. Cikin ya fara komawa inda ya fito. Aka jingina katako a jikin rumbun tsakar gida, aka fara da kwatan buhu. Duk mako Zuliha tana ƙara kwano biyu ta ɗinke bakin.

Ana nan, wata Talata Iliyasu ya tafi masallaci, na leƙa na ga Zuliha ta farke buhun. Ta tona rami a tsakiyar shansherar, ta tura wani ƙullin tsumma, ta rufe. Yashin kanal ne a ciki. Ta ɗago muka haɗa ido.

Ta ce, “Uba, igiyar ce?”

Na ce ita ce.

“To ka ji. Ƙafafun nan sun fi abin da yake zato, ni nake ganinsu. Zuciyarsa ce ba ta dawo ba. In ya ga buhu ya cika zai tuna bara. Ƙulli ɗaya nake ƙarawa duk mako, kaɗan-kaɗan, yadda aka ce. In na ji maganar nan a bakin tebur, zan faɗa wa Ummulkhairi inda kake tsayawa ka cinye tsire kai kaɗai kafin ka shigo gida.”

Ummulkhairi matata ce. Na rantse wa Zuliha ba zan faɗa ba.

Ban taɓa shan wuya irin ta makonnin nan ba. Magana tana cikina kamar tafasasshen ruwa a rufe. Saura kwana goma buɗi, shinkafa ta yi ja a gonaki an fara yanka, Sarki ya zo ya zauna a benci ya ƙi taɓa ƙwan.

Ya ce, “Uba, na makara. Rabi da kwata kawai na kai. Kuma wallahi rabi da kwatan nan ji nake kamar cikakke. Shekara arba'in da biyar ina ɗaukar buhu, ban taɓa jin rabi da kwata mai nauyin wannan ba. Ka ga inda na koma.”

Na cusa burodi a bakina don kada wani abu ya fito.

Ya ce, “Ba ka ce komai ba. Kai ma ka fid da rai ke nan.”

Na haɗiye na ce, “Yaya, in ka faɗi ni zan fara dariya, ka sani. To ban shirya dariya ba bana. Ci ƙwanka.”

Ranar ta zo, Asabar ce. Tun hantsi filin ya cika, har masu Keke sun hau kan rufin Kekunansu. Labarin dam ya zaga ko'ina, wasu daga Kura suka zo musamman. Mata ba sa shiga filin lodi, amma ranar sai ga su jere a inuwar injin casa, Zuliha a tsakiya ta harɗe hannu. Khaulat ta zo tun daga Kano da abin awon jininta, ta auna shi a bencina sau biyu kafin ta ce to.

Motar ta ja baya ta tsaya. Aka jingina katako. Iliyasu ya tuɓe riga, ya ɗora jan gammon, ya yi bisimilla ya sunkuya. Mudassiru da wani suka kama buhun, suka kaɗa shi sau biyu, suka ɗora.

Ya miƙe. Sai ya tsaya cak, ya ɗan girgiza kafaɗa kamar mai gwada sabuwar riga.

Ya ce, “Mudassiru, cikakke ne kuwa?”

“Har baki, Sarki.”

“Kada ku yi mini alfarma. Ban son a ce an rage.”

“Na rantse ba a rage ko ƙwaya ba. Ga mai shi nan, a gabansa aka ɗinke.”

Na ga idonsa ya zaga ya sauka can inuwar injin casa. Zuliha ta kau da kai tana gyara mayafi.

Ya taka katakon. Ɗaya, biyu, uku, yana fitar da numfashi da ƙarfi yadda aka koya masa, har muna jiyowa. Ya iso tsakiya, daidai wurin bara, katakon ya lanƙwasa. Ƙafar hagun ta ɗan yi magana. Ni dai na tsinci kaina a kan teburina a tsaye, ludayi a hannu, ina ihu, “Gingimari, ba a fakin a nan, wuce!” Ya wuce. Taku huɗu, ya juya, ya saki buhun a cikin mota, ƙura ta tashi.

Filin ya kece. Direban ya danne hon ya ƙi saki, mata suka rangaɗa guɗa, wani ya kifar mini da gwangwanin madara ban ko waiwaya ba.

Shi kuwa ya zauna a kan buhun. Ya daɗe. Da hayaniya ta lafa ya miƙe ya ce, “Mudassiru, hau.”

Mudassiru ya hau yana waige-waige. Iliyasu ya cire gammon ya ɗora masa a ka, a can sama, kowa yana gani. Ya ce, “Shekara ashirin ke nan. Ba a ƙwace ba, ni na ba ka. Ka riƙe mutane da kyau.”

Ba a taɓa yin haka ba a garinmu, don haka ba wanda ya san abin da ake yi. Wani tsohon ɗan lodi ya ce to ai sunan bai faɗi ƙasa ba, ba mai cire shi. Nan take aka yanke, Sarki Murabus.

Suka sauko tare, hannun Iliyasu a wuyan Mudassiru, a hankali, mutane suna cewa dubi ƙauna, kamar uba da ɗa. Ni da nake kusa da motar na ji abin da ya raɗa masa kafin su taka katakon. Cewa ya yi, “Riƙe ni da kyau, ƙafafun nan ba nawa ba ne yanzu.” Wannan ban yi wa kowa rantsuwa a kansa ba, shi ya sa kuka ji.

Da yamma aka farke buhun gwaji a tsakar gida. Ƙulli bakwai na yashi suka faɗo. Khaulat ta riƙe baki ta ce, “Inna, da kin faɗa mini ai.” Zuliha ta ce, “Kin ce kaɗan-kaɗan, ba ki ce a yi shela ba.” Iliyasu ya ɗauki ƙulli ɗaya yana jujjuyawa, sai ya juyo kan katanga.

“Kai ma ka sani?”

Na ce wata biyu.

“Ka yi shiru wata biyu? Khaulatu, auna shi, ba shi da lafiya.”

Ta kuwa ɗauke shi da gaske. Aka zagayo da ni, aka dasa ni a kujerar roba. Shekarata hamsin da huɗu, talatin a ciki a zaune na yi su ina firfita gawayi. Na yi tara. Iliyasu a ranar da ƙafafunsa ba nasa ba ma sai da ya yi sha uku don ya ba ni haushi.

Yanzu ba ya ɗaukar buhu, amma bai koma benci ba. Litinin, Laraba da Asabar da hantsi za ka gan shi a gangaren kanal da jarkunansa, bayansa dattawa biyar, har da biyu daga cikin waɗanda suka ga jaki. Mudassiru ma yana leƙowa, tunda aka gaya masa ɗan aikensa ya fara rage zuwa. Matan layinmu kuwa a gidan Zuliha suke nasu, Ummulkhairi a sahun gaba.

Ni a gida nake nawa, ba na son surutun mutane. Sai dai katangar gajeriya ce. Ina fara tashi da zama sai in ji muryarsa daga can yana ƙirgawa, wai igiyar shanyarsu ce ta lalace. Jiya na yi sha ɗaya. Ya ce goma ne, na ƙarshen na dafa gwiwa.